Kwalbar Barau

A Ƙofar Guga nake gyaran janareta.
In na ɗaure waya, na ja igiya bai tashi ba,
ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.
Inji ya ƙaryata ni a gaban mai shi,
sai in sunkuya in sake kwancewa.

Barau kuwa, rumfarsa na jikin tawa,
kwalabe jere, ruwa ja kamar zoɓon da ya kwana.
Shekara tara ban ga maganinsa ya faɗi ba.
Wanda ya warke, aikin kwalba ne.
Wanda bai warke ba, ya ci kuɓewa kafin kwana bakwai,
ko ya sha da hagu,
ko ya sha da shakka.
In ciwo ya ƙaru, ai cutar ce ke fita.
In an ɗauki mutum zuwa Ɗan Marna,
kwana ne ya ƙare, wa ke jayayya da kwana?

Waɗanda suka miƙe su ke yawo da labari,
a majalisa, a gidan suna, a layin niƙa.
Waɗanda ba su miƙe ba sun yi shiru,
shirun ma Barau ya zuba shi a aljihu.

Wata Laraba na ce masa:
"Faɗa mini abu ɗaya tak
wanda in ya faru za ka yarda ruwa ne kawai."
Ya ɓare goro, ya dubi jama'a:
"Kun ji ko? Ice mai 'ya'ya ake jifa."
Ranar ya sayar da goma sha ɗaya. Na ƙirga.
Randa ce: ka jefa mata dutse,
ruwanta sama yake yi.

Bara da damina Inna Kubura ta kwanta.
Likita ya ce "wataƙila", ya ce "mu gani".
Gaskiya ya faɗa, amma ba ta ɗumama ɗaki.
Barau bai taɓa cewa wataƙila ba.

Bayan isha'i na zaga ta bayan rumfa.
Na miƙa kuɗi. Bai ko dube ni ba,
ya ce, "Da dama za ta sha."

Ta sha ƙwayar asibiti, ta sha na kwalba.
Ta miƙe.
Yanzu ita ke gaya wa mata wanne ya yi aiki.

Ni ina nan ina jan igiya,
inji na ƙaryata ni sau uku a yini.
In aka tambaye ni zancen Barau
sai in goge hannu da tsumma,
in ce: ni dai na ga ta miƙe.