Fitilar Cikin Waƙa

A Mindelo, bayan kasuwar kifi ta tashi,
Ondina ta kunna tsohon kaset na mahaifinsu.
Muryar ta fito a dishe, kamar igiyar da gishiri ya ci:
"Na bar fitila a kunne, kar ki jira."

Ƙanenta Evaristo ya ce ai magana a fili take,
mai shiga teku ne yake sallama.
Ondina ta ce a'a,
wanda ba zai dawo ba, don me zai ƙona mai?

Suka ja, suka ja, har kofi ya huce.
Wace ce ma "ki" ɗin? Mace? Kwale-kwalensa?
Ko garin nan da bai taɓa yafe wa ba?

Uwarsu Firmina na gefe tana ɓare wake.
Suka juyo gare ta.

Ta ce, "Shekara arba'in ina tambayarsa.
Ran Litinin ya ce soyayya ce,
ran Juma'a ya ce kalmar ce kawai ta zauna da kiɗan."

Ta miƙe, ta rage lagwani.
Ba ta kashe ba.