Mai Jan Kwando

Shekara talatin ina jan kwandon ƙarfe
a kan waya guda, bisa kogin Tila.
Sunana Harkaman. Dubi tafin hannuna,
ya fi ƙahon ɓauna tauri.
Yatsu tara ne, na goman waya ta ci.

'Yan makaranta uku-uku nake ɗauka,
da buhun shinkafa, da akuya a ɗaure,
da mai naƙuda idan dare ya matsa.
Wasu sun isa. Wasu kogi ya karɓa,
kuma kogi ba ya mayar da ajiya.

Ran nan da hantsi, damina ta ɗauke,
sai ga wakiliyarmu a waccan gaɓa,
Dilmaya Rokaya, da takalmin roba,
ba jiniya, ba 'yan rakiya
sai yaro guda riƙe da jaka.
Motarta ta tsaya tun shekaranjiya
inda hanya ta gaji ta kwanta.

Na ɗaga murya, "Ranki ya daɗe, tsaya nan,
mu za mu ƙetaro mu same ki."
Ta ce, "Ƙuri'unku ta ina suka bi?"
Na nuna kwando.
Ta tattare zane, ta shiga, ta durƙusa.

A tsakiya iska ta sauko daga tsaunukan ƙanƙara,
kwando ya yi lilo, ta cafki waya ba shiri,
silin ƙarfe ya tsaga mata tafi.
Ba ta yi ihu ba. Ta dubi ƙasa,
ta ga farin kumfa na tafasa kamar an ɗora tukunya,
ta runtse ido. Na ja, na ja.

A farfajiyar makaranta muka zauna,
aka rataya mata furanni a wuya,
aka miƙa shayi da madarar ɓauna.
Kowa da inda takalmi ke matsa shi.
Tsohuwa Jaumati na son malamin asibiti
wanda zai kwana, ba mai leƙowa ba.
Birkha mai koyarwa ya ce rufin aji na yoyo
daidai kan allo.
Samari sun tafi ci-rani ƙasashen Larabawa,
gonakin tamba masu hawa-hawa jikin dutse
sun koma hannun mata da tsofaffi.
Tuffa na ruɓewa a reshe, kasuwa na can ƙetare.

Da hagu ta rubuta, baƙaƙen a karkace,
na dama na naɗe da gyalen Jaumati.
Ba ta ce "an gama" ba. Wannan mun sha ji.
Ta ce, "Zan faɗa, in sake faɗa,
har su gaji da ganin fuskata."
Da za ta tafi ta roƙi abu guda,
guntun tsohuwar waya da na yar bayan bukka.

Bayan wata biyu, mun kewaye rediyon mai shago,
sai ga muryarta daga majalisa a Katmandu.
Muka ji ƙarfe ya faɗi kan tebur, kwaram.
"Ga hanyar mutanena," in ji ta,
"mai girma minista, taɓa ka ji."
Aka yi dariya, aka yi tsit,
aka ce lokacinta ya ƙare, ba ta zauna ba.
Sai batir ya mutu.

Da bazara wasu biyu suka zo da abin awo,
suka shafa jan fenti a dutse, nan da can.
Fentin na nan. Gada ba ta iso ba tukuna.
Maƙwabcina ya ce, "Harkaman,
ranar da gada ta tsaya da ƙafarta
ka rasa abincinka." Na sani.

Jikata Sunkali tana aji uku.
Ni ke jan ta kullum, safe da yamma,
kuma ban taɓa iya duban fuskarta a tsakiya ba.

A zo da gadar.
Yatsu tara sun isa riƙe fartanya.