Layi Na Huɗu

Mushe Hamani ya ja layi a tsaye, ya ja a kwance,
kamar mai raba gona tsakanin magada.
Ya rubuta P, ya rubuta Q,
ya harba kibiya a tsakaninsu.
Ya ce, "A nan ba ruwanmu da sunan kowa.
Ku tuɓe wa magana riga, ku duba ƙashinta."

Ɗakin karatu ya yi tsit, fanka ta tsaya, kuran ya tafi.
Mu ɗari da wani abu muna ta gumi a kan kibiya ɗaya.

In P ta tabbata, Q ta biyo: gaskiya.
In P ta tabbata, Q ta noƙe: ƙarya ke nan.
Har nan na gane, ko a Kalfu haka muke.
Amma layi na huɗu ya tsaya mini a wuya:
P ƙarya, Q ƙarya, kibiya kuwa gaskiya.
Na ɗaga hannu. Ya ce, "Je ka kwana da shi."

Na kwana da shi a Harobanda,
sauron gulbi na yi mini bita a kunne.
Can tsakar dare muryar Baba ta dawo,
ranar da ya raka ni tasha a Tawa:
"In damina ta yi kyau, zan aiko maka jikka ashirin."

Damina ba ta yi ba.
Kuɗi ba su zo ba.
Wata biyar ina riƙe da shi a zuci,
ina ƙin ɗaukar waya in na ga lambar ƙanena.

Na kunna tocila, na buɗe kaye.
Layi na huɗu.
Ashe tsohon bai karya alkawari ba,
sama ce ta hana shi bakin magana.

Da safe na tsaya wurin Kubura mai ƙosai a bakin gada,
aljihu fayau.
Ta ce, "Ɗauki. In ka ci jarrabawa, ka biya ni."
Na ce, "In na faɗi fa?"
Manɗiƙi ya yi shiru a nan, bai da hukunci a kanta.
Ta kalle ni, ta kalli mai yana tafasa,
ta ƙara mini biyu a takarda.

Na ci ina tafiya.
Kafin in kai ƙofar jami'a na kira gida.