Ido a Kan Katanga

Buhun gero na ramewa a ɗakin ajiya,
yau tiya ɗaya, jibi tiya da rabi.
Na zargi ɓera, na zargi gara,
na zargi Sagiru yaron shagona,
har na daina amsa gaisuwarsa a zaure.

Aka ce in nemo Lurwanu na Ƙofar Marusa,
mai dasa ido inda mutum ba ya iya kwana.
Ya zo ran Laraba da azahar,
tsani a kafaɗa, kwali a bayan babur,
waya a ƙugunsa naɗe, da tsumma a ɗaure.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba ruwanta da Nepa,
rana take sha, kamar ƙadangare a kan bulo."
Ya hau kwano yana bin layin ƙusa,
ya kai farantin gabas, ya girgiza kai,
ya karkato shi kudu,
gudun inuwar darbejiyar Malam Ɗahiru.
Ƙusa ta biyar ta lanƙwashe,
ya zaro wata daga bakinsa.
Batir ya zauna, sim ya shiga,
ya miƙo min wayata:
ga tsakar gidana, ga turmi, ga igiyar shanya,
ga ƙeyata da ban taɓa gani ba,
sanƙo ya ci rabinta, ban sani ba, ya share.

Na biya shi ban nemi ragi ba.
Mai farautar ɓarawo ba ya ciniki.
Na kwanta da gora a gefen katifa,
kunne a buɗe, zuciya a tsare.

Ƙarfe biyu da arba'in wayar ta motsa.
Hoto fari da baƙi, kamar toka a kan gawayi.
Wani ya fito yana dafa bango.
Na san tafiyar nan.
Ita ta kai ni allurar shan inna a goye,
ita ta raka ni tashar Kano ranar da na fara fatauci.
Inna ce, ta bar sandarta a ɗaki
don kada ta tona ta cikin dare.

Ta daɗe tana fama da ƙullin buhu,
yatsun sanyi ba su son igiya.
Ta cika tiya, ta shafe da tafin hannu,
ta tsaya,
ta ƙara gyara, kamar mai ciniki da wanda take kunya.
Sannan ta nufi inda damina ta ci katanga.
Hannu ya leƙo daga can, da kwano.
Tabawa ce, da ta zo daga wajen Batsari
da 'ya'ya huɗu da tabarma ɗaya,
wata bakwai muna raba bango,
ban taɓa tambayar abin da ke tukunyarta ba.
Ba sallama, ba godiya.
Gero kawai ke zuba, su biyu suna saurare.

Na dubi gorar da ke gefena.
Na tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa.

Da safe Inna na dama koko, ba ta ɗago ba:
"Me abin naka ya gano maka?"
Na ce, "Mage ce, Inna."
Ta ce, "To, mage ma da rabonta."
Ta miƙo min ludayi, muka sha tare.

Na kira Lurwanu ya juya idon ya kalli titi.
Ya ce, "An kama shi ke nan?"
Na ce, "Zo dai da tsaninka."
Na bi Sagiru har gida da goro,
ya karɓa bai tambaye ni dalili ba,
wannan ya fi zagi wuyar jure.

Yanzu farantin na can yana shan ranarsa,
yana ƙirga babura da awakin unguwa.
Ni kuwa kullum bayan isha'i
sai in leƙa ɗakin ajiya,
in sassauta igiya,
in bar bakin buhu a ware.