Gatarin Kurege

A Bagalam, bayan garejina,
inda baƙin mai ya riga ya cinye ƙasa,
na jera jarkoki goma sha ɗaya da na yanke wa kai,
na cika su da ƙasar Gulbi da tsohon kashin awaki.

Irina ba na kasuwa ba ne.
Idon zakara na tsinto a shingen wata gona, hanyar Jiratawa,
ja da ɗigon baƙi, ya fi ƙarfen boris tauri.
Sai na goga masa magagari sau uku, a hankali,
kamar mai gyaran filogi,
in bar shi ya kwana cikin ruwa a murfin kwalba.
Kariya kuwa sai an ɗaure mata kwanso da zare,
in ba haka ba, ranar da ya fashe
ƴaƴan su baza gashi, su bi iska zuwa Tibiri
ba ko sallama.

Wanda ya ba ni wuya shi ne gatarin kurege.
Jaɓɓo makiyayi ya kawo mini a ƙullin tsumma
daga wajen tafkin Madarunfa,
a madadin kuɗin birkin da bai iya biya ba.
Ya ce kada yaro ya kai baki, kada akuya ta lasa.
Ƙwaya ashirin da biyu. Na ƙirga.
Wata biyu shiru.
Bakwai suka fito, huɗu suka koma.

Tsahara mai ƙosai ta leƙo ta katanga:
"Rabe, ana ci?"
Na ce a'a.
"Yana maganin shawara?"
A'a.
"Ruwan da kake saye gun ga-ruwa kake ba ciyawa?
Da zogale ka shuka, da yanzu mun sha kwaɗo."
Ban tanka ba.
Ni ma in na kwanta wannan lissafin nake yi.

Shekarar farko ganye ne siriri, ya bushe da kaka.
Na ɗauki jarkar zan juye,
yatsana ya ci karo da wani abu fari,
lanƙwasasshe kamar ƙotar gatari.
Ashe aikin a ƙasa ake yi.
Na mayar, na rufe, na ba shi haƙuri.

Shekara ta biyu, rana ta dafa garin Maraɗi,
na yi masa rumfa da buhun siminti.
Da ruwa ya sauka ya miƙe,
bakin kowane ganye ya naɗe kamar yatsan jinjiri
yana laluben abin riƙo.
Na ɗaura masa tsohuwar wayar kulocin babur.
Ya kama.
Fure dai babu.

Bana, tsakiyar damina,
ya wuce idon zakara, ya wuce kwanon rufi,
ya haye katanga ya ɓace mini.
A gefena sai kara da ganye.

Ranar Laraba, ko shayi ban sha ba,
aka buga ƙofa.
Tsahara ce, wannan karon ta ƙofa ta biyo,
hannunta duk ƙullu.
"Zo ka ga wutarka."

Can saman igiyar shanyarta yake lilo,
harsuna shida sun juya baya suna kallon sama,
gindi rawaya, baki ja, gefe a murɗe,
kamar wutar da ke lasar kaskonta da asuba.
Shekara uku ina ban ruwa,
a gidan wani ya zo ya buɗe.

Mun daɗe a tsaye.
Mai ya fara ƙauri a kasko, ba ta juya ba.
Sai ta je ta matsar da turken akuyarta
can bayan madafa,
ta dawo da gwangwanin madara, an huda gindinsa da ƙusa.

Na ce, shekara uku ne fa, Tsahara.
Ta ce, "To ina za ni?"