Tozon da ke Ƙarƙashin Alkama

Kansas, arewa da garin Hays.
Kakana Alois Pfeifer ya rasu yana cewa
ƙasar nan shimfiɗe take kamar faifai,
daga bakin rumbu kana hango ruwan jibi.

Sau biyu aka haƙa masa rijiya,
sau biyu ruwan gishiri ya taso.
Ƙetaren shinge kuwa, a gonar Leona Dreiling,
injin zuƙo mai na gyaɗa kai irin na ƙadangare,
shekara arba'in bai ce a'a ba.
Kaka ya ce rabo ne.
Ya tofar da yawu, ya hau tarakta.

Ni ce na tafi karatun duwatsu.
Yau ga guntayen da aka zaƙulo daga ƙafa dubu uku da wani abu,
jere cikin akwati, ina jiƙa su ina duba.

Kaka, akwai tudu a ƙarƙashinka.

Tun ba a san ciyawa ba ƙasa ta yunƙura,
ta ɗaga gadon teku sama, ta bar shi a rana.
Ruwan sama ya yi ta cin farin dutsen
har ya rarake kamar gidan gara.
Sai teku ta dawo ba sallama,
ta yi ta shimfiɗa masa laka, mayafi kan mayafi,
mai kauri a gindi, siriri a ƙoli,
kowane ya lanƙwashe yadda tozon ya ce.

Mai kuwa ba ya kwana ƙarƙashin ruwa.
Ya taso daga kwari mai zafi,
ɗigo-ɗigo, ba gaggawa, ba fitila,
yana bin hawa duk inda hawa ta nufa,
har ya tarar da laka ta yi masa ƙwarya a kife.
Nan ya zauna.

Ƙolin na ƙarƙashin kajin Leona.
Mu a kafaɗa muke, Kaka.
Ƙafa talatin kacal muka gaza,
tsayin da bai kai rumbunka ba.

Da yamma na taka zuwa kabarinka.
Alkama ta nuna, iska na kaɗa ta, ko'ina daidai wa daida.
Na tsaya na rasa ta inda zan fara,
domin kai ma yanzu an lulluɓe ka,
kuma duk abin da muka shimfiɗa tun bayanka,
har shiru, har yadda Baba ke tofar da yawu,
siffarka ya ɗauka.