Sakin Layi na Sha Tara

Daren da ruwa ya ci gada
ina bakin waya da tocila.
Gari ya waye, hanyar Pindiga ta rabu biyu,
tankar mai ta kwanta a kwari, tayoyi sama,
kamar kunkurun da yara suka kifar.

Kwana uku injin haƙa yana tari.
Na huɗu ya yi shiru.
Irin shirun da rabona da shi tun zuwansu,
har na jiyo akuyar Dudu daga hayin rafi.

Masu hular kwano suka tattara jakunkuna,
kwalekwale ya tsallakar da su.
Aka bar ni da makulli goma sha ɗaya,
da wata karya mai ciki,
da hasumiyar ƙarfe
tsaye inda Baffa yake shuka maiwa.

Nan ne gonarmu. Kada a ce ban faɗa ba.
Tsamiyar da muke shan fura a gindinta
yanzu ɗigo ce a jikin taswira.
Da babban yatsa muka dangwala:
in aiki ya tsaya wata shida
ƙasa ta koma hannun masu ita.
Haka Jauro Manga ya fassara mana,
haka muka haddace.

Sai muka shiga ƙirga.
Dudu na ƙulla igiya, wata guda ƙulli guda.
Ta ware iri a tulu, ta rufe da toka.
A ƙulli na shida na kai fartanya maƙera.

Ranar lauya ya iso a bayan acaɓa,
takalmi a hannu, wando a naɗe.
Sambo sunansa, yaro ne, ya gaishe ni har ƙasa.
Ya baje takarda a kan bencina,
ya ɗora yatsa: sakin layi na sha tara.
Ya ce, Baba Giɗaɗo, in abu ya fi ƙarfin ɗan Adam,
ambaliya, annoba, yaƙi,
to lissafin wata yakan tsaya.
Shidan nan ba sa cikin ƙirga.
Haya na nan da ranta, barci kawai take yi.

Na ce, yaro, a garinmu in wata ya tsaya
a ranar ake fara ƙirga.
Shida na gani da idona
sun tsaya a kan ƙarfen nan, sun cika, sun ƙare.

Ya yi dariya. Sai kuma ya daina.

Ruwan da ya ci gadarsu
shi ya ci rumbun Adda Yelwa da dawar bara a ciki,
shi ya kwashe gyaɗar da na shuka a gonar aro.
Mai bashin taki bai ce lissafi ya tsaya ba.
Kuɗin makarantar Hajjo bai yi barci ba.
Tukunya ba ta san sakin layi ba.

Ban ce ƙarya suka yi ba.
Ruwa ya zo, kowa ya gani, ba su suka kira shi ba.
Wanda ya zuba dukiya a rami
dole ya nemi inda zai fake.
Tambayata guda ce:
tunda ruwa ɗaya ya dake mu,
don me aka yi rumfar daidai kan mutum ɗaya?

Sambo ya rubuta wani abu a bayan takardar.
Ya ce zai kai sama.
Ya sha ruwan randa, ya tafi.

Karyar ta haifi bakwai a ƙarƙashin janareta.
Jiya Dudu ta ɗauko igiya, ta tsaya,
ta ce, wannan na bakwai ne ko na fari?
Na ce ki ƙulla dai.

Akwai kabewa da ta ratso ta ƙarƙashin waya,
ta yaɗu, ta hau bututu, ta yi fure.
Ban san wanda ya shuka ta ba.
Ni mai gadi ne, ƙarfe aka ba ni tsaro.
Da safe nakan ba ta sauran ruwan alwala.